Fiton Wenzu

Mackay, watan Nuwamba

Zuwa ga aminiyata Lonza,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki. Yaya gwiwar? Yaya zafin Broken Hill? Ina fata kin daina taurin kai kina sa na'urar jin nan a kunnenki, ko da yake na san ki, tana durowa tare da batirinta. Da kina sawa da waya zan ɗauka in kira ki. Amma ba komai, rubutun ma yana rage mini yini.

Nan lafiya lau. An gama yankan rake, wanda ya karɓi hayar gonar ya kwashe motocinsa, gidan ya yi tsit. Mangwaron bayan gida ya yi 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa, jemagu ne ke shan daɗinsu, don ni kaɗai nawa zan sha?

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Bernadette tawa ta bugo daga Brisbane ta ce in watan Mayu ya zo, ranar addu'ar cikar babanta shekara da rasuwa, tana so in an tashi daga coci a nuna bidiyonsa a ɗakin taro. Ta ce ai Baba ya bar kaset cike da kabad, a tsinto wuraren da ake ganinsa a haɗa. Na ce to. Ni ma ina so, Lonza. Hotunansa suna nan a bango, amma hoto ba ya motsi, kuma kin san Wenzu, in aka ce ya tsaya a ɗauke shi sai ya ɗaure fuska kamar an kai shi kotu.

Da na buɗe kabad ɗin wari ne ya fara tarbata. Funfuna ta kama kaset ɗin, fari-fari ta cikin gilashi. Laimar garin nan ba abin da take ƙyalewa. Na zuba su a kwali na kai laburare, inda suke da na'urar juye tsohon kaset zuwa kwamfuta. Wata Malama Havili ce ke koyarwa ranar Talata, 'yar Tonga, mai jiki da yawan dariya, ita ta zaunar da ni. Ta ce ba a sa kaset mai funfuna a na'ura sai an goge shi, in ba haka ba ya shafa wa na bayansa. Ta ce kuma irin waɗannan wani sau ɗaya zai yarda ya juya, don haka in ya kama tafiya kada in tsayar da shi.

Ni da ko waya sai an saita mini, yau ga ni ina yanka bidiyo. Ashe ba wuya. Hoton yana shimfiɗe a ƙasan allo kamar yadi a teburin tela, ki sa alama nan, ki sa can, ki cire tsakiya, baki biyun su haɗe. Malamar ta ce in riƙa barin ɗan sarari kafin mutum ya fara magana da bayan ya gama, kada in datse masa numfashi. Na ce mata tun ba a haife ta ba nake ɗinki, na san barin wurin kalmasa.

Amma ga damuwata. Na kalli fiye da rabin kwalin, ban ga Wenzu ba. Ga baftismar Bernadette, ga bikin aurenta, ga ni ina bambami a kan tukunyar zomo, ga ke ma da Kelinunki, Allah ya jiƙansa, shekarar da kuka zo Kirsimeti kina sanye da hular nan da ta fi ki girma. Kowa yana ciki ban da mai gidan. Shi ke riƙe da kyamara, kullum. In na ce kawo in ɗauke ka, sai ya ce zan karkata masa duniya. Abin da na samu nasa shi ne inuwarsa a kan ciyawa, da babban yatsansa da ya rufe gefen hoto, sai wani wuri da ya gilma ta gaban madubi, kyamarar ta rufe masa fuska.

Zan ci gaba da dubawa, ba zai yiwu a ce babu ba. Aikin ma ya tuna mini kaset ɗin gona da Wenzu ya ɗauka ya aika wa Kelinu, lokacin da kuka koma can aikin ma'adinai yana kukan kewar kore. Na yi masa dariya ranar, na ce wa zai zauna kallon rake? In na san ki, yana nan cikin tarkacenki, ke da ba kya zubar da ko marfin kwalba.

Ki gaida Pawlinarki da yaranta. Allah ya bar mu tare.

Taki,
Rena

Mackay, ƙarshen Janairu

Lonza 'yar uwa,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan an yi Kirsimeti lafiya, an shiga sabuwar shekara lafiya. Wasiƙarki ta iso a jiƙe, don ruwa muke sha ba ƙaƙƙautawa, amma ta karantu. Yaya gwiwa? Ki daina hawa tsani, ba ke kaɗai ce mai ƙafa a gidan ba.

Su Bernadette sun zo sun koma. 'Yan kwanaki gidan ya cika da hayaniya, yanzu firij kaɗai ke magana. Mijinta Declan ya kawo mini wani ɗan baƙin akwati, bai fi sabulu ba, ya jona da kwamfutar, ya ce duk abin da ke cikinta akwatin zai riƙa kwafewa da kansa, ko tsawa ta ƙone kwamfutar ban yi asara ba. Mutumin kirki ne, sai dai in yana bayani hannunsa ya fi bakinsa sauri.

Kin ce Pawlina na so ta gyara naku kaset ɗin, in rubuto abin da na koya. To ki miƙa mata wannan. Hoto ba shi ne wahala ba, sauti ne. Mutane sukan yafe wa hoto mai rawa, amma ba sa zama a gaban abin da ba sa ji. In za ta sa kiɗa, ta sauke shi ƙasa sosai duk inda wani ke magana. Kada ta dogara da abin sawa a kunne kaɗai, ta kunna a talabijin ta je bakin ƙofa ta saurara, don tsofaffi a can baya suke zama. Ta daidaita ƙarfin sautin, kada wannan ya zo da raɗa na gaba ya zo da tsawa. Kowane fayil kuma ta sa masa shekara da sunan abin da ke ciki, ba “sabo” da “sabo na biyu” irin yadda na fara ba, har na rasa gane aikina.

Namu kaset ɗin kuwa, ba a cewa komai. Iska na bugun makirufo, ga tarakta, ga kwaɗi, ga jirgin ƙasan ɗaukar rake yana wucewa. A kan duk wannan ga mai gidan da kansa. Kin san ba ya magana in yana ɗauka, wai magana ɓata fim take. Amma ba ya jin kansa. Numfashin nan nasa mai nauyi, na wanda ya sha hayaƙin ƙona rake tun yana ƙarami, yana nan a bakin makirufo. Ga kuma fiton nan ta tsakanin haƙora, wanda na shekara arba'in ina roƙon ya rufa mini asiri ya daina. A bikin Bernadette, Fada, limamin cocinmu, yana sa albarka, kina jin Wenzu yana yin fitonsa ƙasa-ƙasa. Na yi dariya ni kaɗai, sannan na ce masa ai kuwa ba za ka kunyata ni a gaban mutanen coci ba.

Akwai wani maɓalli a manhajar, in kin danna sai ya tsince muryar masu magana ya share sauran. Lonza, kamar an wanke gilashi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na wanke. Kwamfutar ta fara kukan ta cika, Malama Havili kuma ta tafi hutu gida, sai na yi dabarata: duk wanda na wanke in ajiye shi da sunan na da, ya hau kansa. Ai na asalin suna cikin akwatin Declan. Kaset ɗin kuwa na tura su bola, don funfunar ta fara sa ni tari. Kabad ɗin ya samu ya sha iska.

Fuskarsa dai ban same ta ba, kuma na kai ƙarshen kwalin. Zan haɗa inuwar da yatsan da madubin, in jera hotunan bango a tsakani, in sa kiɗa. Ba haka na so ba. Da yamma nakan zauna a baranda kusa da kujerarsa, ba a kanta ba, ina kallon ruwa na sauka a kan rake. Mutum ya yi shekara saba'in da ɗoriya a duniya, a ce abin da ya bari mai motsi bai kai a sha kofin shayi ana kallo ba. Abin yana damuna.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Rena

Mackay, bayan Ista

Lonza,

Ina gaisuwa. Ina fata kina lafiya, Pawlina da yara suna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun.

Na yi ɓarna, kuma ban sani ba ko mai gyaruwa ce.

Bernadette ta zo Ista da 'yarta Sienna. Na gasa pastizzi, samosar nan tamu mai cuku, na zaunar da su a falo, na kunna musu aikina ina ta hura hanci. Sauti tas, kowace kalma ana ji. Bernadette ta ce lallai Mama ta zama gwana. Sienna kuwa tana kwance a ƙasa ta tallafe haɓa, tana kallo har aka kai wurin da take tatata a bakin teku. Kin san ta sha kallon wannan a cinyar kakanta, wanda take kira Nannu. Sai ta juyo ta ce, “Nanna, wa yake ɗaukar mu? Da can Nannu ne, ana jin sa. Yanzu ba kowa.”

 Na sake duban allon, sai na ga abin da yarinyar ta gani. Duk mutanen da ke ciki wuri ɗaya suke kallo, suna yi masa dariya, suna ɗaga masa hannu, ni ina harararsa da ludayi a hannu, wurin kuma babu kowa. Wata da watanni ina neman Wenzu a gaban kyamara, ashe yana cikin kowane kaset daga farko har ƙarshe, ni kuma na bi na share shi da hannuna, ina murna.

Bernadette ta ce ba komai, in sa musu na asalin. Na buɗe akwatin. Na farko, tas. Na biyu, tas. Duka haka. Ta kira Declan ta gaya masa.

Da Talata ta zo na kai wa Malama Havili. Ta daɗe tana dubawa, ta cire tabarau, ta kama hannuna. Ta ce akwatin nan yadda aka saita shi madubi ne, ba ma'ajiya ba. Abin da kwamfuta ta zama shi yake zama, in kin gyara ya gyara, in kin share ya share. Aikinsa ya yi. Ta kai shi wurin wani mai gyara a cikin gari, shi ma ya ce an daɗe da rubuta wasu abubuwa a kai. Don haka ki gaya wa Pawlina tun ba ta taɓa komai ba: na asali a kwafe shi gefe, a cire waya, a sa a durowa. A kan kwafi ake gyara, kuma da sabon suna. Wannan ya kamata ya zo farko a waccan wasiƙar.

Declan ya bugo yana ta ba da haƙuri. Na ce masa ba shi ya danna ba. Bernadette kuwa kicin ta shiga. Ta wanke kwanuka, ta goge inda ba datti, tana ta lallaɓa ni kamar mai jinya. Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Da suka tafi na tsaya a kicin na ce bari in yi fiton da kaina. Farkon ya zo, inda yake hawa sau biyu. Daga nan ban san inda yake sauka ba. Ba waƙar kowa ba ce balle in tambaya, tasa ce, a kan tarakta ya ƙirƙiro ta. Duk zaman aurenmu tana kunnena ina tsaki, yau na neme ta na rasa. Ina jin tsoro, Lonza. Ko ranar da aka binne shi gidan nan bai zama mini kango irin na yanzu ba.

Saura ke. Kaset ɗin gonar da ya aika wa Kelinu. Na san kunnenki ba zai gaya miki abin da ke ciki ba, kuma wataƙila ba komai sai rake. Don Allah ki duba. In kin same shi kada ki sa a na'ura, kada ki bar Pawlina ta gwada, ki naɗe shi ki kai gidan waya. In kuma kin zubar ki faɗa mini gaskiya, ba zan riƙe ki ba, ni da na zubar da kwali guda.

Ina jiran amsarki. Ki sa ni a addu'a.

Rena

Mackay, ƙarshen Mayu

Aminiyata Lonza,

Gaisuwa da godiya, irin wadda takarda ba ta ɗauka. Yaya sanyi, ya fara shigowa can? Yaya gwiwar da kika durƙusa a kanta kina tonon gareji saboda ni? Pawlina ta rubuto a gefen takardarki cewa sai da kuka fitar da komai tsakar gida, har da keken Kelinu. Daga yau na daina yi miki tsiya a kan marfin kwalba.

Kaset ɗin ya iso lafiya cikin safar Kelinu da gwangwanin biskit. Ko ɗigon funfuna babu. Busasshen garinku da nake zagi ya yi mini rana. Malama Havili ta rufe ƙofa ta ce yau ba aji. Sai da ya juye duka, ta kwafe shi wuri uku, ta ciccire wayoyi, sannan ta yarda muka kunna.

Rake ne, kamar yadda na faɗa. Rake ta hagu, rake ta dama, iska na bugun makirufo, yana tafe a gefen layin jirgi kyamara na rawa. Sai numfashin. Sai fiton ya taso, ya hau sau biyu, ya gangaro inda na manta. Ashe ba ya kaiwa ƙasa, a tsakiya yake tsayawa ya ja numfashi ya sake daga farko. Shi ya sa na kasa samun ƙarshen, ba shi da ƙarshe. Malamar ta miƙo mini hankici, ta sa bayan hannu ta goge nata hawayen.

Can wajen ƙarewa ya juyo ta bayan gida. Daga nesa ga wata mata da jan ɗankwali tana shanya, tana kokawa da iska a kan zanen gado. Ni ce, kuma ban san yana wurin ba. Ya jawo hoton kusa. Fiton ya tsaya. Ya daɗe a kaina, Lonza, har na fara jin kunyar malamar. Sannan mutumin da ba ya magana in yana ɗauka ya yi magana, ƙasa-ƙasa, da Kelinu yake:

“Ga gwamnatin can. Kar ka gaya mata na ɗauke ta, kashe ni za ta yi. Ka dai ga abin da ya hana ni biyo ku.”

Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci, hoton ya yanke.

An yi addu'ar ranar Asabar. A ɗakin taro na ajiye wanda na wanke gefe, da kiɗansa da hotunansa, na sa na raken yadda yake. Mai kula da lasifika ya zo ya raɗa mini cewa sautin da datti, ko ya ɗan tace? Na ce in ya taɓa maɓallin nan sai na karya masa yatsa. Da farko mutane kallon juna suke, ai rake kowa yana da shi a bayan gida. Da fiton ya taso, tsofaffin baya suka daina motsi. Ƙanin Wenzu, Grezzju, ya rufe fuska da hula. Sienna ta ce, “Ga shi nan.” Na tsayar kafin a kai wurin shanya. Wannan Bernadette kaɗai na nuna wa, sai ke da nake gaya wa.

Kwafi ɗaya yana durowata, ba a jone da komai ba. Ɗaya yana Brisbane. Na ukun ga shi a wannan ƙunshin, ɗan filash ne, tare da kaset ɗin a gwangwaninsa, don a wurinki ya fi zama lafiya. Na rubuta a jiki kada a gyara. Ki cusa shi cikin tarkacen. Ranar da kika ga dama kika sa na'urar a kunne, ki ce Pawlina ta kunna miki. Da mijinki yake magana, kina da rabo a ciki.

Sauran kaset ɗin sun tafi, na sani, ba kuma za su dawo ba. Wata ranar abin yakan taso mini in kasa cin abinci. Kowa ya koma gidansa, an kusa fara yankan rake, gidan ya koma yadda yake. Da safe in zan dafa shayi nakan kunna shi a falo, in ɗaga sautin kaɗan, in koma kicin in ba ƙofa baya. Daga nan ba na ganin allon, sai iska da fiton suna tahowa ta bayan gida. Jiya na ji bakina ya ce, “Wenzu, ka ishe ni.” Da na duba, kofi biyu na sauke.

Ki kula da gwiwar nan. Ki gaida Pawlina, ki ce na gode.

Taki har kullum,
Rena